Bikin Litha: me 'yan Wicca ke yi a ranar da yini ya fi tsawo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a kudancin Ingila, wannan ce shekarata ta biyu. Akwai wata Baturiya da muke aiki tare, mai kirki ƙwarai, ta roƙe ni mu yi musanyar aikin dare ranar 20 ga Yuni, wai tana da bikin addininsu mai suna Litha. Ta ce ita 'yar Wicca ce, har ta kira kanta da kalmar da na san fassararta mayya ce, tana dariya. Ta ce bikin ya kai shekara dubu biyar, kuma in ina so wata shekara in raka ta Stonehenge mu ga fitowar rana. Malam, gabana ya faɗi. Wane irin biki ne wannan, me suke yi a cikinsa, kuma da gaske ya kai wannan tsufa?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka, ya ba da ladan jinya. Ki kwantar da hankalinki, ba wanda zai kama miki kurwa a wurin aiki. Zan zo kan maganar maitar, amma bari mu fara da rana tukuna, domin in ba a gane abin da rana ke yi musu a can ba, sauran bayanin duk zai zama kamar tatsuniya.

Duniya tana zagaya rana ne a karkace, karkatar da ta kai kimanin digiri 23.4. Rabin shekara ɓangaren arewa ne ke fuskantar rana sosai, rabin shekara kuma na kudu. Ranar 20 ko 21 ga Yuni karkatar arewa zuwa ga rana take kai maƙura. Wanda ke lura da inda rana ke ɓullowa kowace safiya zai ga tun daga Disamba tana matsawa arewa kaɗan-kaɗan, in ta zo kwanakin nan sai ta yi kamar ta tsaya wuri guda na 'yan kwanaki, sannan ta juyo kudu. Sunan da Turawa ke kiran ranar, solstice, daga Latin ya fito, kuma ma'anarsa ke nan, rana ta tsaya; ni zan riƙa ce mata juyawar rana. Wasu kan zaci kusantar rana duniya ke yi a lokacin, alhali a farkon Yuli ne ma ta fi nisa da ita, kimanin kilomita miliyan 152, a farkon Janairu kuwa miliyan 147.

Mu a Kano abin bai dame mu ba. Yininmu mafi tsawo awa 12 ne da kusan minti 50, mafi gajarta awa 11 da minti 25, bambancin bai kai awa ɗaya da rabi ba, sai ladan da mai azumin nafila ne za su lura. In kina so ƙannenki su gani da idonsu, su kafa sanda a tsakar gida ranar 21 ga Yuni da tsakar rana: inuwar za ta faɗi kudu, domin rana ta riga ta wuce ta kanmu tun ƙarshen Afrilu, sai cikin Agusta za ta sake bi ta kanmu ta koma. Hankalin manominmu yana kan hadari ne. Shi ya sa fassarar da gidajen rediyo ke yi, su kira lokacin zafin Turai bazara, take rikita mutane. Bazararmu lokacin da aka ƙosa da rana ce ana roƙon ruwa, a Yuni kuwa damina ta sauka ana ta shuka.

A Landan yinin 21 ga Yuni ya haura awa 16 da rabi, na 21 ga Disamba bai cika awa 8 ba. A Stockholm awa 18 da rabi ne a Yuni, awa 6 a Disamba. In aka haura Tromso a arewacin Norway, rana kan yi kusan wata biyu ba ta faɗi ba. Hausawan da suka yi azumin 2016 a Ingila, wanda ya kama daga 6 ga Yuni zuwa farkon Yuli, ba sai an yi musu bayani ba, sun kama baki sama da awa 18. Ke ma kin ɗanɗani hunturunsu, kin fita aiki cikin duhu kin dawo cikin duhu. To ki ƙaddara manomin dā da ya yi wata huɗu haka, gonarsa ta daskare, dabbobinsa a kulle, rumbu na ta raguwa. Mu inuwa muke nema daga rana. Su baƙuwa ce a wurinsu, ana ɗokin zuwanta ana fargabar tafiyarta.

Maganar abokiyar aikinki ta shekara dubu biyar akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ta dama abubuwa uku a ƙwarya ɗaya: duwatsun, wutar, da addinin. Shekarunsu ba su ko yi kusa da juna ba.

Duwatsun su ne tsofaffi. Stonehenge yana filin Salisbury a gundumar Wiltshire. An haƙa ganuwarsa ta ƙasa kimanin shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa, aka kafa manyan duwatsun wajen shekara 2500 kafin haihuwarsa. Manyan kan kai tan 25 kowanne, ƙananan kuma daga tsaunukan Preseli na Wales aka kawo su, tafiyar sama da kilomita 200. Wanda ya tsaya a tsakiya da asubahin juyawar rana ya dubi arewa maso gabas zai ga ta ɓullo dab da wani dutse da ke tsaye shi kaɗai a waje, wanda ake kira Heel Stone. Da gangan aka saita shi haka. To amma layin nan bakinsa biyu. In ka juya baya, yana nuna inda rana ke faɗuwa ranar da yini ya fi gajarta a Disamba, kuma masu haƙar kufai da yawa a yau sun fi karkata ga cewa wancan ne ya fi muhimmanci ga maginan. Cikin hujjojinsu akwai ƙasusuwan aladu da aka tono a Durrington Walls, kimanin kilomita 3 daga wurin, inda ake jin maginan sun zauna. Haƙoran sun nuna da yawa daga aladun 'yan wata tara ne lokacin da aka yanka su, aladen da aka haifa da shigowar ɗumi kuwa in ya kai wata tara tsakiyar hunturu ke nan. Wato babban shagalin naman cikin sanyi aka yi shi. Maginan ba su bar ko harafi ɗaya a rubuce ba, don haka duk wanda ya ce miki ga addu'ar da suke yi, ko ga sunan abin bautarsu, daga kansa ya ƙago. Danganta wurin da Druid, malaman addinin mutanen Celt, aikin John Aubrey ne a ƙarni na 17, sai William Stukeley ya ƙara masa gishiri a littafinsa na 1740. Kuskure suka yi. Druid ɗin da Julius Caesar ya ba da labarinsu sun zo bayan kafa duwatsun da fiye da shekara 2000.

Wutar ita ce ta tsakiya, kuma ita ta fi ba ni sha'awa, domin a kanta muke da shaida a rubuce. Kalandar Rumawa ta ajiye juyawar rana ta lokacin zafi a 24 ga Yuni, ta hunturu kuma a 25 ga Disamba. Da coci ta tsayar da Kirsimeti a 25 ga Disamba, Linjilar Luka kuma ta nuna Yohanna Mai Baftisma, wato Annabi Yahaya, ya girmi Annabi Isa da wata shida, sai bikin haihuwar Yohanna ya faɗo 24 ga Yuni. Augustine, babban malamin cocin nan ɗan Arewacin Afirka, har ya ɗaura wa abin ma'ana: Yohanna ya ce dole Almasihu ya ƙaru shi kuma ya ragu, ga shi kuwa daga ranar haihuwarsa yini ke fara raguwa. Daga nan wutar da ake hurawa a tsakiyar lokacin zafi ta koma wutar Yohanna a faɗin Turai.

Limaman farko ba su saki jiki da ita ba. Eligius, bishop ɗin Noyon a Faransa a ƙarni na 7, ya yi huɗuba yana hana Kirista raye-raye da tsalle-tsalle da waƙoƙin da ya kira na Shaiɗan a ranar Yohanna, kuma ba a hana abin da ba a yi. A ƙarni na 13 wani malamin coci a Winchcombe ya rubuta cewa yara kan tara ƙasusuwa da shara su ƙona, su zagaya gonaki da bakin wuta, su kuma gangaro da ƙafar keken doki daga tudu, alamar rana ta kai ƙololuwa ta fara saukowa. John Mirk na Lilleshall, wajen ƙarshen ƙarni na 14, ya ce wutar iri uku ce: ta ƙashi zalla, ta itace zalla, da ta ƙashi haɗe da itace, kuma warin ƙashin don korar dodanni ne daga sararin sama. Kalmar bonfire da Turawan Ingila ke kiran babbar wutar fili da ita har yau daga wutar ƙashin nan ta samo asali. John Stow ya bayyana yadda ake yi a Landan a littafinsa na 1598: wuta a tituna, masu hali su fito da tebura da abinci a ƙofar gida su kira maƙwabta da masu wucewa, masu gaba su shirya, a rataye ganyaye da furanni a bakin ƙofa.

Ki lura da abin da ake nema da wutar. Tsari ake nema. Lokacin zafi shi ne lokacin annoba da ciwon dabbobi, amfanin gona kuma yana tsaye bai nuna ba, komai na iya faruwa da shi. Sai a kora shanu ta cikin hayaƙi, samari su tsallake harshen wuta, a kai bakin wuta ko toka gona. Al'adar ta ratsa daga Ireland zuwa Rasha, har ta tsallako Arewacin Afirka: Edward Westermarck ya tarar da Musulmin Maroko a farkon ƙarni na 20 suna hura wutar Ansara a 24 ga Yuni na tsohuwar kalandar manoma, suna tsallake ta, suna turara dabbobi da itatuwa. Yaɗuwar nan da kuma ƙorafin coci tun da wuri su suka sa na yarda cewa wutar ta girmi Kiristanci a wurare da yawa. Amma waɗanda suka riƙe ta sama da shekara dubu, har ta iso zamaninmu, Kiristoci ne masu zuwa coci, da sunan waliyyinsu suke hura ta.

Sai addinin, wanda shi ne ɗan auta. Wicca ta bayyana ne ta hannun Gerald Gardner, Baturen Ingila da aka haifa a 1884, ya yi aikin gandun shayi da na roba da kwastan a Ceylon da Malaya, wato Sri Lanka da Malaysia na yau, ya yi ritaya a 1936. Ya ce a 1939 wata ɓoyayyiyar ƙungiya a dajin New Forest ta shigar da shi wani tsohon addini da ya tsira a asirce tun kafin Kiristanci. Da aka soke dokar maita ta 1735 a 1951, sai ya samu bakin magana, ya buga Witchcraft Today a 1954. Ya jingina ne da ra'ayin Margaret Murray, wadda ta rubuta a 1921 cewa mutanen da aka kashe a Turai bisa zargin maita mabiya wani tsohon addini ne. Masana tarihi sun rushe wannan ra'ayi tun shekarun 1970. Waɗanda aka kashe, kimanin 40,000 zuwa 60,000 cikin ƙarni uku, yawancinsu mata ne talakawa Kiristoci da maƙwabta suka yi wa ƙazafi. Abin da Gardner ya fito da shi haɗi ne daga littattafan tsafin Turai, da tsarin ƙungiyoyin asiri irin Freemason, da al'adun karkara, sannan Doreen Valiente, wadda ta shiga a 1953, ta sake rubuta addu'o'in da alƙalaminta mai daɗi.

Ga inda abin ya shafi tambayarki kai tsaye. Da farko manyan bukukuwan ƙungiyar Gardner huɗu ne, waɗanda suka dace da na tsoffin mutanen Ireland: farkon Nuwamba, farkon Fabrairu, farkon Mayu da farkon Agusta. Juyawar rana ba ta cikin manya. A 1958 ne 'yan ƙungiyarsa ta Bricket Wood, kusa da St Albans, suka nemi a ɗaga juyawar rana biyu da ranaku biyun da dare da yini ke daidaita su zama cikakkun bukukuwa, ya amince. Haka aka samu takwas ɗin da suke kira zagayen shekara, kusan kowane mako shida da rabi akwai biki. Abokinsa Ross Nichols, wanda ya kafa ƙungiyarsa ta Druid a 1964, shi ma ya ɗauki tsarin takwas ɗin. Babu wata tsohuwar al'ummar Turai da aka sani ta taɓa haɗa takwas ɗin nan duka. Sunan Litha kuwa ya fi wannan ƙuruciya. Wani Ba'amurke, Aidan Kelly, shi ya laƙaba shi a 1974. Ya tsinto shi daga Bede, malamin cocin Jarrow, wanda ya rubuta a shekara ta 725 cewa Turawan Ingila na dā suna kiran watannin Yuni da Yuli Litha, ya ce ma'anarsa mai laushi ko mai daɗin tuƙi, don iska kan kwanta a shiga teku. Sunan wata ne a wurin Bede, bai ambaci wani biki mai wannan suna ba. Druid na zamani Alban Hefin suke cewa, wasu tsoffin 'yan Wicca na Ingila kuma har yau ba sa son kalmar Litha, suna ganinta kayan Amurka.

Kada ki ɗauka tona musu asiri nake yi. Wanda ya fi kowa bin diddigin wannan tarihi, Farfesa Ronald Hutton na Jami'ar Bristol, mutum ne da suke girmamawa suna gayyata taronsu, kuma masu karatu a cikinsu sun daɗe da karɓar cewa addininsu sabo ne da aka gina da tsofaffin tubala. Sai dai ɗan Adam ya yarda da tsohuwar zuma ake magani, shi ya sa zancen shekara dubu biyar ya ƙi mutuwa.

To me suke yi a daren? Ba su da wata hukuma ko babban limami da ke tsara wa kowa, don haka zan faɗi wanda ya fi yawa. Ƙungiyarsu ƙarama ce, koben suke ce mata, bisa al'ada ba ta wuce mutum 13, akwai uwar ƙungiya da uban ƙungiya, kuma uwar ce gaba. Sukan haɗu a lambun gidan wani, ko a daji, ko a falo in ruwa ya hana. Sai a shata da'ira a ƙasa, faɗinta na al'ada ƙafa tara, da wata wuƙa mai baƙar ƙota da ba a yanka komai da ita, nuni kawai ake yi. A yayyafa ruwan gishiri, a zagaya da turare. A fuskanci kusurwoyi huɗu ɗaya bayan ɗaya ana kiran abin da suka danganta da kowacce: gabas iska, kudu wuta, yamma ruwa, arewa ƙasa. Sannan a kira abin bautarsu biyu, mace da ake dangantawa da wata da ƙasa, da namiji mai ƙaho da ake dangantawa da rana da daji. A labarin da suke bi, an haifi namijin a tsakiyar hunturu, ya girma, ya haɗu da macen a Mayu, yanzu a Yuni ƙarfinsa ya cika, ita kuma tana ɗauke da cikin amfanin gona.

A tsarin da aka gada daga Gardner, ana ajiye tukunyar ƙarfe cike da ruwa, an yi mata ado da furanni. Uwar ƙungiya ta ɗaga sanda ta kira rana da sunaye, ta tsoma sandan a tukunyar, jama'a su zagaya suna rawa ta hannun da rana ke bi, tana yayyafa musu ruwan. Sunayen da ake kira sun haɗa da Lugh na mutanen Ireland, da Sarki Arthur na tatsuniyar Birtaniya, da Michael, wato Mala'ika Mika'ilu. Wannan jerin kaɗai ya isa ya nuna miki hannun wanda ya haɗa shi da ɗakin karatun da ya zauna. Daga ƙarshe a yi wa biskit da kofin giya ko ruwan 'ya'yan itace albarka, a zagaya da su kowa ya taɓa, a sallami kusurwoyin, a buɗe da'ira, a zauna ci da hira. In akwai fili a hura wuta a tsallake, a kwana ba barci har rana ta fito. Wasu ƙungiyoyin da ke bin Gardner sau da ƙafa tsirara suke ibadarsu a keɓe, amma taron fili da sutura ake yi, yawanci fari ko rawaya, da kambin furanni a ka.

Akwai wani wasa da ya shahara, kokawar sarakuna biyu. Maza biyu, ɗaya da kambin ganyen itacen oak, ɗaya da na holi, wani itace mai ganye da ƙaya da ba ya kaɗewa ko da hunturu. Sarkin oak shi ke mulkin rabin shekarar da yini ke ƙaruwa. A daren Litha su kara, na holi ya kā da shi ya karɓi mulki har Disamba, inda za a rama. Mawaƙi Robert Graves ne ya tsara labarin a 1948, Janet da Stewart Farrar suka mai da shi ibada a littafinsu na 1981. Sabo ne, amma a ganina nan ne suka kama wani abu na gaske game da ranar. Daidai lokacin da rana ta cika ƙarfi, daidai nan ta fara baya, gobe yini zai ragu da 'yan daƙiƙoƙi. Shi ya sa in kin saurari masu zurfi a cikinsu za ki ji murnar Litha a gauraye take da ɗan jimami, irin na uwar amarya ranar kai ta ɗaki.

Mafi yawansu yau ma ba su cikin kowace ƙungiya, su kaɗai suke abinsu, kuma mai yiwuwa abokiyar aikinki haka take. Irinsu kan tashi kafin asuba su hau tudu, su kunna kyandir rawaya, su rubuta buri ko abin da suke so su rabu da shi a takarda su ƙona, su tsinko ganyaye su shanya, don sun ɗauka maganin ganye ya fi ƙarfi a ranar. Babban ganyen ranar kin san shi a wurin aiki: wanda ake kira da sunan Yohanna, wato St John's wort, mai fure rawaya, da ake sayarwa don damuwa, wanda ke rage ƙarfin ƙwayar tsarin iyali da warfarin mai hana jini daskarewa da wasu magungunan ƙanjamau. In majinyaci ya ce yana sha, kin san abin yi. Lokacin aure ne kuma a wurinsu, a ɗaure hannun ango da amarya da kirtani. A Scotland hukuma ta amince da wannan ɗaurin aure in mai izini ya yi shi, a Ingila kuwa sai an je an yi rajista daban.

Maganar maita yanzu. Fassara ce ta cuce ki. Maye a wurinmu mai ƙanƙara ne a ciki, mai kama kurwa ya cinye mutum. Ba abin da take nufi ke nan ba. Sun ɗauki kalmar ne da gangan, suna tunawa da matan da aka kashe, suna nufin mai sanin ganye da asiri. Ba su yarda akwai Shaiɗan ba balle su bauta masa, ba sa yanka dabba, kuma ƙa'idarsu da Valiente ta furta a 1964 ita ce in dai ba za ka cutar da kowa ba, yi abin da ka ga dama. Amma ba zan ɓoye miki ba, suna yin abin da Bahaushe zai kira tsafi, da kyandir da ƙulli da kiran sunaye, don neman waraka ko aiki ko sa'a, kuma abin da ake kira a cikin da'irar ba Allah ba ne. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales mutum kimanin 74,000 suka rubuta Pagan, wato sunan da ya haɗa masu farfaɗo da addinan kafin Kiristanci, a matsayin addininsu, 13,000 kuma Wicca, cikin mutum kusan miliyan 60. Kalmar arna ma ba ta zauna daidai a kansu ba, domin namu Maguzawan gādo suka yi daga iyaye, waɗannan kuwa yawancinsu 'yan birni ne da suka tashi a gidan Kirista ko gidan da ba addini, suka zaɓa da girmansu.

Ba kuma duk mai bikin wannan dare ne Pagan ba. Mutanen Sweden na rawa kewaye da sanda mai ganye, 'yan mata na sa furanni iri bakwai ƙarƙashin matashi don su yi mafarkin miji. A Latvia 23 da 24 ga Yuni hutun ƙasa ne, maza da kambin oak, ana cin cuku ana waƙa har gari ya waye, samari da 'yan mata kuma su shiga daji neman furen wani tsiro da kowa ya san ba ya fure. Wannan duk al'ada ce. A Denmark ma mutum-mutumin mayya suke ɗorawa a kan wutar su ƙone, ki ga yadda dare ɗaya ke ɗaukar ma'ana biyu masu karo. Inda al'adar ta koma addini sosai shi ne Lithuania: a 1967, ƙarƙashin mulkin Sobiyet, su Jonas Trinkunas suka farfaɗo da bikin Rasos a Kernave, daga nan ƙungiyar addinin gargajiya ta Romuva ta tsiro, majalisar ƙasar ta amince da ita a Disamba 2024. 'Yan Wicca na Ostireliya da Afirka ta Kudu kuwa a Disamba suke Litha, tunda a can ne yininsu ke tsawo.

Taron Stonehenge na yau shi ma yana da nasa tarihin rigima. Daga 1974 zuwa 1984 ana wani bikin kaɗe-kaɗe kyauta a gefen duwatsun kowane Yuni, har ya fi ƙarfin hukuma aka hana. Ranar 1 ga Yuni 1985 'yan sanda suka tare ayarin motocin masu zuwa, aka yi arangama a wata gonar wake, aka kama mutum 537. Aka rufe wurin a lokacin bikin shekara da shekaru, sai a 2000 English Heritage, hukumar da ke kula da wurin, ta koma buɗe shi kyauta a daren. A 2014 an ƙiyasta mutum 36,000, a 2020 kuma korona ta sa aka rufe aka nuna ta intanet. Na je sau ɗaya lokacin ina karatu a can. Abin da na tarar cinkoso ne na 'yan yawon buɗe ido da ɗalibai da masu ganguna da iyaye da jarirai, Druid masu fararen riguna tsiraru ne a ciki. Muka kwana tsaye cikin sanyin da ban yi wa shiri ba, don na ji an ce lokacin zafi ne. Ƙarfe biyar saura 'yan mintoci, lokacin da ya kamata ta ɓullo, gajimare ya rufe gabas ruf. Jama'a suka duba agogo suka yi shewa abinsu.

Kin ga ke nan gayyatar tata iri biyu za ta iya zama. In da'ira ce za a shata a kira rana da sunaye, wannan ibada ce, kuma kin san abin da aya ta 37 ta Suratu Fussilat ta ce kan sujada ga rana da wata, sai ki ba ta haƙuri cikin mutunci. Ba za ta ji haushi ba, don ba su da al'adar jawo mutane cikin addininsu. In duwatsun kike son gani, ana buɗe wurin kusan kullum da tikiti, akwai bas daga tashar jirgin Salisbury, kuma za ki fi ganinsu da kyau ranar da ba cinkoso, ko da yake daga bayan igiya za ki tsaya.

Musanyar aikin kuwa ki karɓa. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 da ta kare hijabinki da sallarki ita ce ta kare nata addinin. Ki riƙe mata daren 20 ga Yuni, ki rubuta bashin, ranar Sallah ki tuna mata. Kin ma yi sa'a, kafin ƙarfe huɗu za ki ga tagogin ɗakin majinyata sun fara haske.